Itacen Jego daga Tudun Rani

Yaya Jatau, kai nake wa magana. Da sunan Wanda ya tsirar da itace daga ƙwaya, ya ɓoye wuta a cikin itace, ya ɓoye rai a cikin ciki, ya kuma ɓoye ka inda idona ba ya kaiwa, na ɗauki alƙalami. Ka san karatuna bai yi nisa ba. A izu goma na jingine allo na bi ka bakin gulbi, kana fito da mutane ina kwashe ruwan jirgi. In ka ga baƙi ya karkace, ka yi dariyar nan taka ka wuce.

Ka san ƙasarmu, amma bari in faɗe ta ko don wanda zai tsinci takardar nan. Sunanta Laima. Wata tara ake ruwa, wata uku ake jiran ruwa. Tabarma takan tsiro in an manta ta a ƙasa, gishiri yakan narke a cikin ƙwarya, itace kuwa ko ya shekara a sare ɗanye ne. Shi ya sa tun daga nesa ake gane garinmu: kowane gida da hayaƙinsa a kansa kamar rawani, kowace mace da jan ido.

Zazzaɓin kwana uku ya ɗauke ka, ka bar matarka Tabawa da ciki wata bakwai. Watan da miji ke tara itacen jego ke nan, kai kuwa ko ƙirare ba ka ajiye ba. Na ji haushinka, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Ina kuka ina jin haushinka.

Tabawa ta shiga takaba ta yi shiru. Ita da ba ta taɓa ganina ba ta tsokane ni ba, Malam Rabin Allo ka tashi, Malam Rabin Allo yaushe za a sauke, sai ta koma “Tunau, ga tuwo.” Ba abin da ake ji daga ɗakinta sai tarin nan nata da ke tashi duk lokacin da aka hura wuta.

Bayan sadakar arba’in ɗinka, Iya Gwamma ungozoma ta zo da hantsi. Ta shafa cikin, ta saurari ƙirjin, sannan ta jawo ni zaure.

Ta ce, “Kai ne namijin gidan yanzu?”

Na ce, “Haka aka ce, Iya.”

“Aka ce. To buɗe kunnenka. Kwana arba’in za a dafa mata ruwan wanka safe da yamma, a gasa mata gado. In da ɗanyen itacen garin nan za a yi, da wannan ƙirjin nata, ba za ta fita jego ba, jaririn ma hayaƙi zai shaƙe shi. Na wanke irinsu da hannuna, ba labari aka ba ni ba.”

“To ina zan samo busasshe?”

“Tudun Rani, inda ruwa ba ya hawa. Kwana goma ne zuwa. Saura mata ashirin da ’yan kai, in cikin bai yi gaggawa ba. Ka ɗebi tokar murhun gidan nan, ta can ƙasa wadda ta bushe, ka ɗura a gora ka toshe da kakin zuma. Jakunan Tudu ba sa tambayar hanya. Toka suke sunsunawa, su kai kaya gidan da ta fito. In ka bari ta jiƙe, ka juyo abinka kawai.”

Na cika kwando da bandar kifi, ita ce abin sayayyata. Na rataya gorar toka a wuya, na ɗauki malfarka da ke rataye a bayan ƙofa tun ranar da ka rasu. Ta yi mini yawa. Na sa ta a haka.

Kwana huɗu ina tafe cikin yayyafi, sannan na iso Kasuwar Rumfa Ɗaya. Kasuwa ce da aka rufe da jinka guda, mai faɗin da akwai tsuntsayen da aka ƙyanƙyashe a cikinta suka tsufa ba su ga sama ba. Ana sayar da komai. Na ga mai sayar da inuwa a cikin tulu, na ga mai sayar da amsa-kuwwa ga waɗanda ba su da abokin hira. A wajen wannan na ɗan tsaya, sai na tuna muryata kawai zai mayar mini, na wuce.

A layin masu itace wani dillali ya tare ni, mai suna Ɗanzaƙi, haƙoransa farare kamar an wanke shinkafa.

“Samari, wannan malfa ta mai nisa ce. Ina zuwa?”

Na faɗa masa.

“Tudun Rani? Haba ɗan’uwa, wa ya tsane ka haka? Ai Tudun ne ya sauko da kansa. Dubi nan. Shekara biyu yana shan rana. Ka saya yau, jibi yana ƙofar gidanku.”

Na dubi itacen. Baƙi ne wuluk, kamar tsohon da ya ga duniya. Zuciyata ta ce, ga kwana goma sha biyu sun dawo maka kyauta. Na sunkuya na ɗaga guda. Nauyinsa kamar dutse, sanyinsa kamar hancin kare, tafin hannuna kuma ya yi baƙi. Turara shi aka yi da hayaƙi don ya yi kama da tsoho.

Na ajiye na ce, “Allah ya kawo kasuwa.”

Ɗanzaƙi ya ce, “Ya riga ya kawo. A nan wanda ya ɗaga itace ya saya. Sauke kwandon.”

Kafin in juya ƙarti shida sun zagaye ni, kowa da gatari a kafaɗa. In kifin ya tafi, da me zan sayi na gaske? Sai na ji bakina yana faɗin abin da ban shirya ba.

Na ce, “Na saya. Na bi al’adarku, ku ma ku bi tawa. A garinmu ba a kai itacen jego gida sai an dafa ruwa da shi a gaban mai sayarwa, ya sha ya sa albarka.”

Allah ya yafe mini, Yaya, a nan take na ƙago ta. Suka yi dariya suka ce a dafa. Na jera itacen tsibi guda, na zari ciyawa daga jinka na cusa a ƙasa, na ƙyasta. Itacen ya fara huci, yana fid da kumfa ta baki kamar jakin da ya gaji. Sai hayaƙi. Ya tashi ya bugi jinkar, ya rasa mafita, ya dawo. Ƙartin nan suka kama tari suna lalube, Ɗanzaƙi yana hawaye yana cewa a kama shi, ya kuwa kama ɗaya daga cikin nasa. Ni ɗan Laima ne, a cikin hayaƙi aka yaye ni. Na durƙusa ƙasa-ƙasa inda iska take, na ja kwandona, na fice ta layin masu inuwa.

Rana ta takwas ruwan sama ya tsaya a bayana, kamar bango. Na ga rana cikakkiya, ba gajimare ko ɗaya a fuskarta. A gabana ga Gulbin Haɗiye, wanda ba ya ɗaukar jirgi, don duk abin da aka yi da itace nutsewa yake yi a cikinsa. Kunkuru ne ke fito da mutane, kowanne bayansa ya kai faɗin masussuka. Ladansa kifi guda. Waɗanda na tarar a gaɓa suka gargaɗe ni: kunkurun nan a ruwa suke rayuwa, amma ba sa son ɗigo daga sama. Da sun ji shi a bayansu sai su ɗauka damina ce ta biyo su, su nutse.

Na ce a raina, ai sama fes take.

Na hau. Muna tafe a hankali, ruwa shiru, hannuna ba abin yi. Tun da aka haife ni ban taɓa hawa ruwa ba kai a bayana ba. Da muka kai tsakiya na ga wani kifi ja ya yi tsalle, na juya in ce maka, Yaya ka gani? Ba kowa sai gaɓar da na baro.

Ɗigo ɗaya ne ya faɗi daga idona. Na ji shi da kunnena.

Kunkurun ya tsaya. Ya ɗaga kai ya dubi sama, ya fara sauka. Ruwa ya kama idon sawuna, ya kama gwiwa, ya kama ƙugu. Na cire gorar toka daga wuya na cije igiyarta da haƙora, na ɗora kwando a kafaɗa. Ruwa ya kai ƙirji. Ban san abin da ya sa ba, sai na cire malfarka, na miƙa hannu iya tsawonsa na kifa masa ita a ka. Ya yi tsit. Ya dubi sama, ya ga rufi. Ya ɗan yi tunani irin nasu na kunkuru, wanda ya fi wa’azin Juma’a tsawo, sannan ya taso. Haka muka ƙarasa, ni a jiƙe, toka a bushe, shi kuma sanye da malfa kamar mai zuwa zance. A gaɓa ya ƙi bayarwa. Na bar masa. Na san da kana nan sai ka yi dariya har ka riƙe ciki.

Kwana biyu na yi ina hawa. Da na kai sama na waiwaya, sai ga gajimare a ƙarƙashina, shimfiɗe kamar audugar da aka shanya, garinmu yana can a ƙasansa. Tudun Rani kuwa gari ne na itace. Tsibi-tsibi a jere, da layuka da lunguna, kowane tsibi an ɗaga shi a kan duwatsu, an bar tsakani don iska ta ratsa. In iskar ta ratsa sai ka ji kamar ana busa sarewa a nesa. Ƙamshin wurin ban san da me zan kwatanta maka ba. Kamar ɗakin da ba a taɓa kuka a cikinsa ba.

Mai kula da wurin wata dattijuwa ce gajera mai kauri, ana ce mata Inna Ladingo. Na same ta tana faskare. Ba ta ɗago ba.

Ta ce, “Ɗan Laima. Tun daga gangare nake jin warin danshinka. Na girki ko na jego?”

“Na jego, Inna.”

“Yaushe haihuwar?”

“Saura kamar kwana goma.”

Nan ta ajiye gatarin ta dube ni sama da ƙasa. “Kwana goma. Kai, wa ya raine ka? Ana sayen itacen jego ranar da ake buƙatarsa? Duk tsibin da ka gani da mai shi. Wasu sun saya tun bara, wasu da hannunsu suka sare suka jera suka tafi. Ka ga ƙullin tsumman da ke rataye a kowanne? Tokar gidan mai shi ce. Matar taka ba ta gaya maka tana da ciki ba sai jiya?”

Na ce, “Matar wana ce. Ya rasu.”

Ta share hannu a zane ta ce, “Allah ya ji ƙansa. Zo nan. Akwai ragowa da nake sayar wa marasa hankali. Amma ba na zaɓa wa mutum. Zaɓi in gani.”

Ta kai ni wani tarin gauraye. Na tuna Ɗanzaƙi, na guji mai nauyi, na ɗauko wani fari marar nauyi kamar kara. Ta karɓa ta matse shi da hannu ɗaya, ya zube gari.

“Gara ta riga ka. Ba duk marar nauyi ne busasshe ba, wani mushe ne. Dubi bakinsa tukuna. Ka ga ya tsage kamar fason ƙafar manomi? To ya sha rana. Ja ɓawon. In ya biyo hannunka ba gardama, ya yi. Sunsuna. In ka ji ƙamshin ganye, yaro ne, bar shi ya girma. Yanzu ɗauki biyu ka gwara.”

Na gwara. Suka ce dum.

“Wannan tulu ne cike da ruwa. Sake.”

Na sake wasu. Suka ce ƙwal, ƙarar ta daɗe a iska kamar kuge.

“Yauwa. Ashe da kunne a kanka. Marke za ka nema don harshen wuta, shi ke tafasa ruwa. Kirya don garwashi, ita ke gasa gado har gari ya waye. Kada ka taɓa maje, tartsatsi gare shi, ba a kai shi kusa da jariri.”

Yini guda na yi ina gwarawa ina warewa. Abin da na samu mai kyau bai wuce na kwana goma sha biyu ba. Na zauna ina kallonsa, ina lissafin sauran ashirin da takwas ɗin da Tabawa za ta yi a cikin hayaƙi. Inna Ladingo ta karɓi kifina ba ta yi ciniki ba, ta ce, “Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Kawo tokar.”

Ta yi fito, wani babban jaki fari ya zo, shi ne jagoran sauran. Na ɓalle kakin, na zuba tokar a tafin hannu. Ya sunsuna. Ya sake sunsunawa. Maimakon ya tsaya a ɗora masa kaya, sai ya juya ya kama wani lungu.

Inna Ladingo ta ce, “Kai, Gambo! Ina za ka? Wannan jaki ya fara tsufa.”

Muka bi shi. Ya wuce layi bakwai, ya kai can bakin tudu inda iska ta fi ƙarfi, ya tsaya gaban wani tsibi da ya fi ni tsawo, ya sa hanci a ƙullin tsumman da ke jikinsa. Tsumman shuɗi ne mai ratsin fari. Na san shi. Hannun tsohuwar taguwarka ne, wadda ka dawo da ita hannu ɗaya.

Ka tuna, Yaya? Wata biyu da aurenku ka ce za ka su a gulbin arewa. Ka yi wata guda da rabi, ka dawo ba kifi ko ɗaya, tafin hannunka duk kanta, taguwa a yage. Tabawa ta yi kwana uku ba ta yi maka magana ba. Ni kuma na ce ko kifin ne suka kama ka suka sake. Ka yi dariya kawai.

Inna Ladingo ta shafa bakin itacen, ta ga yadda saran ya karkata. Ta ce, “Bahagon nan. Mai fito, mai yawan dariya. Yayanka ne?”

Na gyaɗa kai.

“Shekara biyu ke nan. Ya zo ba ciki ba alamar ciki. Na ce masa, ango, ba ka yi gaggawa ba? Ya ce, Inna, matata ƙirji gare ta, gara itace ya jira ta da ta jira itace. Rabi marke, rabi kirya. Ban taɓa ganin ɗan Laima da ya iya zaɓe kamarsa ba.”

Na ɗauki biyu na gwara. Ban taɓa jin ƙara mai tsabta irin wannan ba.

Ana cikin ɗora wa jakuna, ana rufe kayan da fata da tabarmin kaba, sai na ga Gambo ya matsa gaba kaɗan ya sake sa hanci a wani tsibin. Shi ma da shuɗin tsumma. Inna Ladingo ta gaya mini na wane ne, da abin da ka ce a kansa. Zan zo wurin.

Jakuna suka kama hanyarsu ta kan duwatsu, wadda ɗan Adam ba ya iya bi. Ni na biyo tawa. Kunkurun nan ya fito da ni kyauta, har yanzu da malfarsa. Kasuwa kuwa na zagaye ta.

Rana ta ashirin da ɗaya, da la’asar, na hango garinmu. Kowane gida da rawaninsa na hayaƙi. Na nemi namu. Ba komai a kansa. Sama kawai.

Gidan da ba hayaƙi a Laima gidan da ba a hura wuta ba ne, kuma ka san ranar da ba a hura wuta a gida. Na ce jakuna sun ɓata, ko sun iso a makare. Ban san yadda na kai zaure ba.

Da na shiga tsakar gida sai zafi ya bugi fuskata. Ga babbar tukunya a kan murhu tana tafasa, wuta a ƙarƙashinta tsaye, ja da shuɗi, ba ta ko tari. Matan unguwa sun zagaye ta suna kallo kamar an kawo amarya. Iya Gwamma tana tsoma ganye a ruwan.

Ta ce, “Sai yanzu? Jakuna sun fi ka hankali, kwana huɗu da isowarsu. Shekaranjiya ta sauka. Mace. Wanke ƙafarka kafin ka shigar mini ɗaki.”

Tabawa tana zaune a kan gado mai ɗumi, jaririya a cinyarta. Idonta fari tas. Na saurara, ban ji tarin ba. A gefenta ga guntun marke guda, ta ajiye shi kusa da matashi.

Ta ce, “Malam Rabin Allo.”

Wata biyu ban ji sunan nan ba.

“Ka tafi da malfa ka dawo da kai tsirara. Caca ka yi da ita?”

“Kunkuru na ba wa.”

“Ai ka ga irinta. A aiki mutum itace ya je ya yi wa kunkuru kwalliya.” Ta ɗan yi dariya, sannan ta ɗauki guntun marken ta juya bakinsa wajena. Muryarta ta sauka. “Tunau, wannan saran bahago ne.”

Na ce, “Shi ne.”

“Kamun kifin nan da ya je, wanda bai kamo komai ba.”

“Shi ne.”

Ta daɗe tana shafa wurin saran da babban yatsa. Ta ce, “Kwana uku na yi ba na gaishe shi.” Jaririyar ta motsa, ta kai hannu baki. Na hagu.

Jiya aka yi arba’in ɗin jego, Yaya. Tabawa ta fita lafiya, ƙirjinta shiru, yarinyar ta yi kumatu. Itacen ya kai, har ya yi ragowar guda uku.

Saura tsibi na biyu. Kirya ce zalla, wadda ba ta ruɓewa ko za ta shekara goma. Inna Ladingo ta ce da ka gama na Tabawa sai ka ƙara kwana tara kana sara. Ta tambaye ka ko mata biyu gare ka. Ka ce, “Na ƙanena ne. Karatu ya gagare shi, amma zama uba ba zai gagare shi ba. Ko budurwa ba shi da ita tukuna, ki dai riƙa juya masa shi. Kada ki faɗa masa, kunya gare shi.”

Ta faɗa mini. Ta ce amana ta mai rai ce ta riƙe, yanzu kuwa mai kayan ya zo da ƙafarsa.

Yana can a bakin tudu, iska tana ratsa shi. Wani lokaci in ina fito da mutane, na kai tsakiyar gulbi, sai in ji kamar ina jiyo sarewarsa. Tabawa ta fara cewa wai ’yar mai gishiri tana yawan hawa jirgina alhali ba ta da kowa a ƙetare. Ina yin kamar ban ji ba.

Maganar tsibin nan, ko Tabawa ba ta sani ba, ko Iya Gwamma. Har yau ban faɗa wa kowa ba.